Kujeru Uku a Layin Gaba

ALƘALI: Halo? Wa ke magana?

MAIGIDA: Salamu alaikum.

ALƘALI: Wa alaikumus salam. A ɗan ɗaga murya, hayaniya ta yi yawa a nan.

MAIGIDA: Ashe har muryata ta ɓace maka. Shekara ashirin da shida ina karanta labarai kana riƙe mini takarda, yau kuma sai na faɗi sunana?

ALƘALI: Maigida? Ikon Allah. Ranka ya daɗe, ina wuni?

MAIGIDA: Lafiya lau. Ina gajiya?

ALƘALI: Ba gajiya. Ya gida?

MAIGIDA: Gida lafiya. Ya maiɗakin naka? Ya yaran?

ALƘALI: Duk suna lafiya. Babban ma ya yi aure bara.

MAIGIDA: Ka ga, ban ji ba. Allah ya sa albarka. Ya aiki?

ALƘALI: Da godiya. Ya jikin? Na ji labari, ban samu na leƙo ba.

MAIGIDA: Da sauƙi. Ɓarin hagun ne ya tafi hutu ya ƙi dawowa. Harshen ma yana ɗan nauyi, amma mai gashin ƙashi tana zuwa sau biyu a mako. Ƙanwata ce ke kula da ni, ta baro gidanta ta tare a nan.

ALƘALI: Allah ya saka mata. Allah ya ƙara sauƙi.

MAIGIDA: Amin. Ya ƙoƙari? Ya jama'a?

ALƘALI: Mun gode Allah, Maigida. Lafiya dai ko?

MAIGIDA: Lafiya ƙalau. Zumunci ne kawai. Ina zaune bakin taga, don nan ne kaɗai waya ke kamawa a gidan nan, sai na ga jarida ta jera alƙalai bakwai na bikin karrama 'yan talabijin na gobe. Na ga sunanka na uku. Na ce kai, yaron nan ya yi nisa.

ALƘALI: Yaron ya shekara hamsin da takwas, ranka ya daɗe.

MAIGIDA: A wurina dai yaro ne. Wace ƙara ce wannan?

ALƘALI: Ina cikin zauren da za a yi bikin, gwaji ake yi. Ɗan dakata. Malam, ba can ba, ka dawo da fitilar kan matakala, kada wata ta taka rigarta a gaban duniya. Ina jinka, Maigida.

MAIGIDA: To zo mu yi irin wadda muke yi da a ofis. In faɗi wanda zai ci a kowane rukuni, kai kuma ka yi shiru in na yi daidai.

ALƘALI: Ka san an rantsar da mu kada mu faɗa.

MAIGIDA: Wa ya ce ka faɗa? Tari kawai za ka yi in na kauce.

ALƘALI: To bismilla. Ina sauraro.

MAIGIDA: Mai sharhin wasanni. Wannan mai ihun zai ci, wanda in aka jefa ƙwallo a raga sai ka rantse gidansa ne ya kama da wuta. Ba don ya iya ba, don sauran biyun gawa ne. Ɗayan ma in yana magana har 'yan wasan hamma suke yi.

ALƘALI: Har yanzu bakin nan yana nan.

MAIGIDA: Rabinsa ne ya rage, amma ya ishe su. Wasan kwaikwayo mai dogon zango kuwa, na asibitin nan za a ba. Shekara huɗu likita ɗaya yana fiɗa ɗaya, mara lafiya bai mutu ba, bai tashi ba.

ALƘALI: Mutane suna son sa.

MAIGIDA: Mutane suna son duk abin da ba sai sun yi tunani ba. Jarumar da ke ciki, ka lura da ido ɗaya take kuka? Na dama. Na hagun yana neman kyamara.

ALƘALI: Mijinta ya rasu ana tsakiyar ɗaukar shirin, Maigida. Da takaba a kanta ta ƙarasa.

MAIGIDA: To ai shi ke nan, ta ci. Ba abin da ke jawo ƙuri'a kamar makoki. Ka yi tari?

ALƘALI: Ƙura ce ta labule.

MAIGIDA: Shirin girki, mai ƙaton cikin nan. Shi ya cancanta, ko ba komai ya nuna yana cin abin da yake dafawa. Shirin yara kuma kada ku ba wa wannan matar mai magana da 'yar tsana. Mace ta kusa jika tana ƙanƙance murya, ko kunya ba ta ji.

ALƘALI: Ita ce ta yi maka kwalliyar fuska shekara tara kafin ta samu shirin nan.

MAIGIDA: Ita ce? To hannunta ya fi bakinta amfani. Mai ba da dariya fa? Gajeren nan ko mai sanƙo?

ALƘALI: Mai me?

MAIGIDA: Sanƙo.

ALƘALI: Ban ji ba. Layin ne ko bakin ne?

MAIGIDA: Mai sanƙo na ce. Wanda ba shi da gashi.

ALƘALI: Yanzu na ji. Ci gaba, saura rukuni ɗaya ai. Na ga kana ta kewaye shi kamar mai neman ƙofar gidan surukai.

MAIGIDA: Wanne?

ALƘALI: Gwarzuwar mai gabatar da labarai. Inda 'yarka take.

MAIGIDA: Af, har na manta tana ciki.

ALƘALI: Ka manta.

MAIGIDA: To tunda ka tayar da maganar. Su uku ne, ko? Akwai mai tabarau ɗin nan ta shirin safe. Wannan ba karatu take yi ba, tallan haƙora take yi. An ce jirgin ruwa ya nutse da mutum arba'in, tana murmushi. Sai doguwar nan ta tashar 'yan kasuwa, wadda kowa ya san yadda aka yi ta samu kujerar. Ba zan faɗa ba, ni dattijo ne.

ALƘALI: Ka riga ka faɗa. Mace ce mai aure da 'ya'ya uku, kuma jarrabawa ta ci kamar kowa, ni na yi mata.

MAIGIDA: To na janye. Amma ka dubi 'yar wajena tsakaninka da Allah. Ranar da ginin nan ya rufta, awa bakwai tana zaune a kujera, ba takarda, ba komai, tana karɓar rahoto tana tace shi a kanta. Ko sau ɗaya ba ta kira sunan mamaci kafin a sanar da iyalinsa ba. Wa zai iya wannan a cikin sauran?

ALƘALI: Ka kalla ke nan.

MAIGIDA: Tun daga farko har ƙarshe. Ƙanwata ta kawo magani na ce ta ajiye.

ALƘALI: To wa ka ba?

MAIGIDA: Ni ba alƙali ba ne. Kai ne alƙali.

ALƘALI: Yauwa. Yanzu muka zo inda za mu. Shekara takwas rabon da ka kira ni, Maigida. Ko da mahaifiyata ta rasu saƙo ban gani ba. Faɗi abin da ya sa ka kira.

MAIGIDA: Ba roƙo nake ba.

ALƘALI: To sai an jima, aiki na jirana.

MAIGIDA: Tsaya. Tsaya mana, Maimai.

ALƘALI: Me ka ce?

MAIGIDA: Suɓutar baki ce. Sabo.

ALƘALI: A'a, maimaita shi. Na daɗe ban ji ba. Ka san duk zauren nan, mutum ya fi sittin, ba wanda ya san wannan sunan? Ka tuna inda ya samo asali?

MAIGIDA: Wasa ne na ofis, kowa da nasa.

ALƘALI: Ni na tuna. Ina da shekara ashirin da huɗu, na roƙe ka ka gwada ni a karatun labarai. Ka zauna bayan gilashi ka harɗe ƙafa. Na yi layi uku lafiya, na zo kan majalisa na maƙale. Ma, ma, ma, har sau biyar. Ban taɓa in'ina ba kafin ranar, tsoronka ne kawai. Ka hana a goge kaset ɗin.

MAIGIDA: An daɗe fa.

ALƘALI: Ka sa shi a durowarka ta sama, ka rubuta Maimai a jikinsa da jan biro. Duk sabon ma'aikacin da aka ɗauka sai an kunna masa, wai ya ga yadda ba a yi. Ban sake zama gaban kyamara ba. Shekara ashirin da shida ina rubuta abin da kake karantawa, ana yaba maka hikima.

MAIGIDA: Ai ga shi ya zame maka alheri. Ka zama babban edita, ka zama darakta.

ALƘALI: Ranar da na kawo wadda zan aura ta ga wurin aikina, ka tara mutane a ɗakin tace hoto ka ce a yi wa amarya nishaɗi. Ta yi dariya, don kowa yana yi. Ta aure ni duk da haka, mun shekara talatin, mace ce ta kirki. Amma har yau in ta yi dariya da ƙarfi sai na ji wani abu a ƙirjina. Wannan kai ka ba ni.

MAIGIDA: Ban san abin ya kai haka ba.

ALƘALI: Ka sani. Shi ya sa yake maka daɗi.

MAIGIDA: To ka ji. Abin da ya faru tsakanina da kai ne. Yarinyar nan ba ta san komai ba, ko haihuwarta ba a yi ba a lokacin. Sau biyu ana saka sunanta a gasar nan tana dawowa hannu rabbana. Ni kuma likita bai ba ni tabbacin baɗi ba. Ina so in gani da idona. Kada ka rama a kanta.

ALƘALI: Wato roƙo kake.

MAIGIDA: Roƙo nake.

ALƘALI: Ban ji an ce a yi haƙuri ba.

MAIGIDA: Ka yi haƙuri.

ALƘALI: Layin ya ɗauke. Me ka ce?

MAIGIDA: Na ce ka yi haƙuri. Na zalunce ka.

ALƘALI: Ana gwada ganguna a bayana. Ƙara faɗa, a hankali, yadda kake koya mana. Kowace kalma a ba ta haƙƙinta.

MAIGIDA: Ka yi haƙuri. Na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah.

ALƘALI: To ce majalisa in ji.

MAIGIDA: Haba.

ALƘALI: Kalma ɗaya ce. Ka faɗe ta ya fi sau dubu goma.

MAIGIDA: Maja... majal... majalisha.

ALƘALI: Sake.

MAIGIDA: Ma... ma... Ka sa ni a lasifika ne? Na ji kamar ana dariya.

ALƘALI: Masu jera kujeru ne ke hirarsu. Ban sa ka ba, ni ba kai ba ne. Ni kaɗai na ji, kuma ya ishe ni.

MAIGIDA: To ka samu abin da kake so. Za ka taimake ta?

ALƘALI: Maigida, kai da ka daɗe a harkar nan, ka taɓa ganin an kaɗa ƙuri'a ana gobe biki? Yau kwana tara da muka gama. An rufe ambulan, an zana sunaye a jikin kofuna. Suna nan cikin kwali a bayan dandamali, ina hango su.

MAIGIDA: Kwana tara.

ALƘALI: Cif.

MAIGIDA: To me ya sa ka bar ni ina...

ALƘALI: Kai ka kira. Ni ban ce ka roƙa ba sai da ka fara.

MAIGIDA: Allah ya isa... A'a. A'a, ban ce komai ba. Gaya mini kawai. Wa ta ci?

ALƘALI: Mu bakwai ne. Uku suka ba mai tabarau, uku suka ba 'yarka. Aka juyo ana kallona.

MAIGIDA: Kai kuma ka tuna da ni.

ALƘALI: Na tuna da kai ƙwarai. Na daɗe riƙe da biro. Sai na ba 'yarka, don ta fi su iyawa nesa ba kusa ba. Ta ma fi ka, in kana son gaskiya. Kai murya gare ka, ita tana da tausayi.

MAIGIDA: Ta ci? Ita ta ci?

ALƘALI: Ta ci.

MAIGIDA: Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka, ya rufa maka asiri. Duk abin da ka yi mini yanzu na yafe, ban ma ji zafinsa ba. Bari in kashe in yi mata albishir. A'a, kada in ɓata muku tsari. Zan yi shiru, in bar ta ta ji a can.

ALƘALI: Ai ta sani.

MAIGIDA: Ta yaya?

ALƘALI: Bana mun sanar da waɗanda suka ci tun ranar Talata, don kada wani ya ƙi zuwa a bar mu da kofi a hannu. Ni da kaina na kira ta. Ta yi kuka, ta yi godiya. Ba ta gaya maka ba?

MAIGIDA: An ce mata sirri ne, shi ya sa. Tarbiyyata ce, ba ta da surutu.

ALƘALI: An ce ta gaya wa na jikinta, tunda za su zo. Duk wanda ya ci an ba shi kujeru uku a layin gaba, na iyali. Ga ni ma tsaye a gabansu, an manna takarda a kowace.

MAIGIDA: To katina yana hanya ke nan. Ƙanwata ba ta cika duba ƙofa ba.

ALƘALI: In karanta maka?

MAIGIDA: Karanta.

ALƘALI: Ta farko mijinta. Ta biyu mahaifiyarta.

MAIGIDA: Uwarta za ta zo? Matar da ko sau ɗaya ba ta taɓa zama ta kalli labarai ba sanda take gidana?

ALƘALI: An ce tun jiya ta iso.

MAIGIDA: To ba laifi, uwa ce. Ta ukun fa?

ALƘALI: Ta maido da ita. Ta ce biyu sun ishe ta, a ba wani mai bukata.

MAIGIDA: Halo? Ban ji ba.

ALƘALI: Ka ji, Maigida. Layin lafiyarsa ƙalau yanzu.

MAIGIDA: Saboda jikina ne. Ta san ba na iya hawa matakala, ba ta so in wahala. Yarinya ce mai tunani.

ALƘALI: Akwai hanyar keken marasa lafiya tun daga bakin ƙofa har layin gaba, ni na sa aka yi. Na ma gaya mata. Na ce, baban naki fa? Ba don ina son ganinka ba, don dai a ce na tambaya.

MAIGIDA: Me ta ce?

ALƘALI: Ta ce, kawu, in ya zo ba zan iya magana ba. Zan tsaya a can sama ina kallon bakinsa yana ƙirga mini kurakurai.

MAIGIDA: Ba za ta faɗi haka ba.

ALƘALI: Ta ba ni labarin ranar da ta fara shirin kai tsaye, wanda masu kallo ke bugo waya. Ta ce mutum na huɗu da ya bugo kai ne. Ba ka ce ni babanta ne ba, ba ka ce sannu ba. Ka ce wa yarinyar nan ta koma makaranta, ta faɗi kalma kaza ba daidai ba, kuma ta daina kaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Duk tashar an gane muryarka. Ta ƙarasa shirin, ta shiga banɗaki ta yi amai.

MAIGIDA: Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Da ban yi mata haka ba, da ta kai inda ta kai?

ALƘALI: Haka ka ce mini ɗazu. Da alama duk wanda ka taka sai ya zo ya yi maka godiya.

MAIGIDA: Kullum in ta gama labarai sai na tura mata saƙo. Kullum. Da hannu ɗaya nake rubutawa yanzu, yakan ɗauke ni rabin awa. Wane uba ne ke yin haka?

ALƘALI: Ta nuna mini tsofaffin. Na ɗaya, kin haɗiye ƙarshen jimla. Na biyu, kin kalli ƙasa. Ta ce ta shekara biyu ba ta buɗewa, mijinta ke gogewa.

MAIGIDA: Ranar ginin nan na rubuta mata cewa ta yi ƙoƙari.

ALƘALI: To shi ma an goge.

MAIGIDA: Kana jin daɗin wannan.

ALƘALI: Na zaci zan ji fiye da haka. Amma eh, ina ji.

MAIGIDA: Kujerar tana nan ba kowa?

ALƘALI: Na ba matata. Tana son shirin asibitin nan, tana so ta ga jarumar ido da ido.

MAIGIDA: To ko a baya. Can ƙarshe kusa da ƙofa, inda masu ɗaukar hoto ke ajiye jakunkuna. Ƙanwata za ta turo ni, mu shigo bayan an kashe fitilu, mu fita kafin a kunna. Ba sai ta gan ni ba. Ba zan ce uffan ba, na rantse.

ALƘALI: Ba a shiga sai da kati, kuma katuna sun ƙare.

MAIGIDA: Kai ne fa darakta. Kalma ɗaya za ka yi wa mai gadi.

ALƘALI: Da zan iya. Amma ta roƙe ni abu ɗaya, na kuma yi mata alkawari. Tsohuwar tasharka za ta nuna kai tsaye, ka kalla a gida. Ka fi ganin fuskarta ma a can.

MAIGIDA: A jawabin nata... ka gani? Ta ambace ni?

ALƘALI: Minti ɗaya aka ba kowa. Sunaye shida ne a ciki, har da mai yi mata kwalliya.

MAIGIDA: To ka kai mata saƙo.

ALƘALI: Na daina kai maka takarda tuntuni, Maigida.

MAIGIDA: Guda ɗaya. Ka ce mata in ta hau kada ta yi sauri. Takan yi sauri in ta tsorata, tun tana 'yar ƙarama haka take, sai numfashinta ya sarƙe. Ka ce ta tsaya tukuna, ta ajiye kofin a kan teburin, ta...

ALƘALI: Ana kirana a dandamali. Allah ya ƙara sauƙi, a gaida ƙanwar taka.

MAIGIDA: Tsaya, ban gama ba. Ba gyara nake mata ba. Wallahi wannan ba gyara ba ne, ka ce mata ni dai... Halo? Halo?